Baƙon Alhaji Ba A Tambayarsa Takarda

Karatu ne ya kai ni Guangzhou, tafinta ta zaunar da ni. Da na gama jami'a ban koma Kano ba, sai na kama wani ɗan ofis a Sanyuanli, hawa na uku, saman shagon masu jakunkuna. Aikina in raka 'yan kasuwarmu wajen masu kaya, in yi musu ciniki da Sinanci, in karanta musu takardun Turanci, in tsaya a kan lodin kwantena har a garƙame ta. Na haura shekara goma ina wannan sana'a, kuma a duk tsawon lokacin abu ɗaya na yi wanda har yau idan na tuna shi abinci ke fita raina. Shiru na yi a inda ya kamata in buɗe baki, wata baiwar Allah kuma ta biya kuɗin shirun da jarinta kaf.

Muna da wani asusu a tsakaninmu a lokacin. Duk wanda ya yi lodi sai ya jefa ɗan abu a ciki, idan kuma wani ya samu tsautsayi a hanya, dila biyu sun jiƙe ko kwali uku sun yi ɓatan dabo tsakanin tashar jirgi da Kano, sai a ciro a share masa hawaye. Wanda ya kafa asusun wani dattijo ne mai harkar yadi, duk Alhaji muke ce masa, kuma idan aka ce Alhaji a Sanyuanli ba a tambayar wanne. Ya riga kowa zuwa garin. Da wuya ka samu Bakano a can wanda bai taɓa kwana a ɗakinsa ba a zuwansa na farko, ni ma a can na fara ajiye jakata. Asusun ya yi aiki shekara da shekaru babu rigima, domin asarar da ake kawo masa ƙanana ce.

Abin da ke damun Alhaji shi ne ranar da kwantena guda za ta tafi baki ɗaya. Ya san asusun ba zai iya ɗauka ba. Ana haka wata Juma'a, bayan mun sauko daga Masallacin Huaisheng, ya ce kada kowa ya watse, akwai baƙon da yake so mu gani. Muka shiga wani gidan abinci na Musulmin China da ke kusa, mu kusan goma sha biyar, aka haɗa mana tebura, aka kawo taliya da naman sa.

Baƙon ɗan gida ne, Hausarsa ta cikin ganuwa, surukin wani aminin Alhaji. Ya sha kwat, yana ƙamshi, wai ya zauna a Dubai ya kuma zauna a Hong Kong. Ya raba mana kati mai rubutun ruwan gwal, sannan ya gyara zama ya fara bayani, kuma in faɗi gaskiya mutumin ya iya baki.

"Alhazai, wannan asusun naku ƙaramin kamfanin inshora ne, ko kun sani ko ba ku sani ba," in ji shi. "To su kansu kamfanonin inshora ba sa ɗaukar kaya su kaɗai. Idan nauyi ya yi musu yawa, sai su yanki wani kaso su ɗora wa wanda ya fi su ƙarfi. Shi ne reinsurance, inshorar masu inshora ke nan. Ƙaramar asara ku ji da ita, babba kuwa akwai kamfanin da zai yi cover ɗinta. Ni dillali ne a wannan harka, kuma ni ne manajansu na wannan yankin. Idan na ce na karɓa, kamfani ya karɓa."

Maganar ta zauna wa kowa, domin ta yi kama da abin da muka sani. A Kantin Kwari idan dillali ya tsaya tsakanin mutum biyu ya ce an sallama, ciniki ya faɗa, ba wanda zai ce masa kawo shaida. Ya zaro takarda mai shafi huɗu daga jakarsa, Alhaji ya miƙo mini ita ya ce in karanta wa jama'a.

Na karanta. Turancin babu laifi. Amma ina isa shafin ƙarshe sai na ga wurin sa hannun kamfanin fayau, babu komai. Babu lambar lasisi ko ɗaya. Babu hatimi. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ko rasit ɗin tsintsiya ka karɓa sai ka ga jan hatimi a jikinsa, balle takardar da za ta ɗauki nauyin kwantena. Sannan a saman shafin farko abin da aka rubuta yana nufin ana neman kamfani ya karɓa ne, ba wai ya riga ya karɓa ba.

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ban ga hatimin kamfanin ba. Ko zai nuna mana lasisinsa?"

Alhaji ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa.

"Malam tafinta, karatu aka ce ka yi mana, ba bincike ba. Wannan baƙona ne."

Wani ɗan Maraɗi mai harkar takalma ya kwashe da dariya ya ce, "Ku 'yan lakwal, masu karatun boko, sai kun ga tambari kuke yarda rana ta fito." Kowa ya dara. Baƙon ya yi murmushin manya ya ce hatimi yana nan tafe, sai kuɗi sun shiga ake bugawa. A wurinmu idan babba ya kawo mutum ya ce nasa ne, tambayar mutumin takarda daidai yake da ka ce wa babban ba ka yarda da shi ba. Ni kuwa wa zan ce wa haka? Mutumin da ya ba ni tabarma ranar da ban san kowa ba? Na ninke takardar na miƙa. Alhaji ya ɗaga hannu aka yi fatiha, aka shafa, kuma kowa ya san bayan an shafa fatiha ba a komawa baya. Daga ranar aka fara yankar wani kaso na asusun ana ba wa baƙon.

Abin haushin, na san amsar. Hausawa da kansu suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muna da karin maganar a bakinmu, amma ranar da ya kamata mu yi aiki da ita sai muka zauna muna shan romo.

Bayan wata biyar Hajiya ta zo. Mai sayar da kayan yara ce a Kano, ta girme ni nesa ba kusa ba, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar, kuma da wannan sana'ar ta aurar da uku. Tun zuwanta na farko ni nake mata tafinta. Ba ta iya karatun boko ba, amma ban taɓa ganin wanda ya kai ta sanin ɗinki ba. Sai ta juya riga ciki waje, ta ja zaren da farce, ta dubi mai shago ta ce, "Laoban, wannan ba zai kai wanki biyu ba," wato maigida, kalmar Sinancin da ta fi riƙewa ke nan. Ni in fassara, shi kuma ya yi dariya ya ciro mai kyau daga ƙarƙashin kanta. Da can raba kwantena take yi da wasu. A wannan zuwan ta tattara duk abin da ta mallaka, har da filinta da ta sayar, za ta cika kwantena guda ita kaɗai domin kasuwar Sallah.

Kwana tara muka yi muna zaga kasuwar tufafi ta Shisanhang, daga wannan hawa zuwa wancan, cikin turmutsutsun masu tura kaya a amalanke. Rigunan 'yan mata masu tattara, wanduna da 'yan ciki na maza, safa, huluna. Ranar lodi muna tsaye a sito, ma'aikacin kamfanin jirgin ya tambaya ko za ta sayi inshorar da ta saba saye a wurinsu. Ta juyo ta dube ni.

"Malam, na ji an ce yanzu asusu ya samu babban kamfani a bayansa. In ƙara biyan wannan, ko wancan ya isa?"

A lokacin hatimin nan bai zo ba. Na san bai zo ba, domin sau biyu ina tambayar mai riƙe asusun a ɓoye yana ce mini ana hanya. Amma idan na ce mata ta saya, gobe magana za ta zaga cewa tafinta yana hana mutane yarda da tsarin Alhaji. Na yi wannan lissafin a tsaye, cikin ƙiftawar ido, kuma kaina na lissafa ba ita ba.

Na ce, "Ya isa, Hajiya."

Ta ce, "To, tunda kai ka karanta."

Jirgin ya haɗu da guguwa a teku. Kwantenarta tana cikin na sama, wani abu ya fasa rufinta, ruwan gishiri ya yi makonni yana zama a cikin kaya. Da aka buɗe a Legas, ɗanta ya turo mini hotuna ta waya. Diloli sun kumbura, sun yi baƙi, launin wannan ya zuba a kan wancan, fumfuna ta cinye har ledar. Ya ce warin ya hana masu sauke kaya tsayawa kusa. Kamfanin jirgin ya nuna abin da doka ta ɗora masa, wanda bai kai ya sayi kwali goma ba, ya ce sauran ai aikin inshora ne.

Na kira baƙon Alhaji. Ya ce in kwantar da hankalina, ana processing. Bayan mako ya ce suna jiran report daga Legas. Na tura masa. Ya ce manyansa suna hutu. Daga nan wayarsa ta fara shiga ba a ɗauka. Ita kuwa Hajiya kullum sai ta kira ni bayan azahar ɗinsu, ba ta taɓa yi mini faɗa ba, sai dai ta ce, "Malam, yaya ake ciki?" in ce ana nan ana ƙoƙari. Sallah ta zo ta wuce shagonta a rufe.

Da na gaji sai na ɗauki kwafin takardar na kai wa wata lauya 'yar China da na taɓa yi wa aikin fassara, wadda ta san harkar inshora. Ta karanta shafi huɗun nan cikin minti biyar, ta cire tabarau ta dube ni kamar mai duban marar lafiya.

Ta ce in fara fahimtar wane ne wane. Dillali a wannan harka ɗan aiken ƙaramin kamfani ne, wanda ke neman inda zai sauke nauyi. Yana zagawa ya nemo mai karɓa, amma ba shi da ikon cewa na karɓa a madadin kowa, kuma shi kansa ba ya fara aiki sai da lasisi da rubutaccen izini daga wanda ya aike shi. Wanda ke da ikon ɗaure babban kamfani da maganarsa shi ne manajan da kamfanin ya naɗa a rubuce, ya zana masa iyakar abin da zai karɓa da wanda ba zai karɓa ba. Ta ce ɗaya na wannan ɓangare ne, ɗaya na wancan, don haka mutumin da ya ce shi ne duka biyun a ciniki guda, tun daga nan ya kamata a tsaya a tambaye shi wa yake yi wa aiki. Ta buɗe kwamfuta ta nemi sunansa a jerin masu lasisi. Ta juyo mini da allon ta ce, "Meiyou." Babu. Kalmar da masu shago ke faɗa mana kullum idan kaya sun ƙare.

Sannan ta ƙara da wadda ta fi ƙona mini rai. Ta ce ko da mutumin yana da lasisi goma, wannan inshora tsakanin kamfanoni masu rajista ake yin ta. Asusunmu ba kamfani ba ne, taimakon juna ne na abokai, babu wani babban kamfani da zai ɗauki nauyinsa ta wannan hanya. Wato tun ranar da muka shafa fatiha babu komai a bayanmu. Ta ce doka ta tsara duk wannan ne domin irin ranar da nake ciki, kuma duba lasisi kyauta ne, kowa yana iya yi daga wayarsa.

Na fito daga ofishinta ina tafiya ina magana ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Minti biyu. Abin da ya raba Hajiya da filinta bai wuce aikin minti biyu a waya ba, ni kuma ina da wayar, ina da Sinancin, ina da idon da ya ga ramin.

Daga baya na samu baƙon a wani shagon shayi. Bai gudu ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ashe ya taɓa yin aikin share fage a ofishin wasu dillalan inshora, yana kai takardu yana kawowa, a nan ya tsinci kalmomin. Ya nuna mini saƙon da ya tura wa wani kamfani yana neman su karɓa. Ba su taɓa ba shi amsa ba. Ya ce shi a ganinsa tunda ba su ce a'a ba, magana tana nan. Kason da ake ba shi kuwa ya kira shi la'ada, kuma ya ci. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Amma ko a lokacin na san idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na je wurin Alhaji da abin da lauya ta faɗa. Ya saurare ni har na gama, ya daɗe yana jan carbi. Na ga tsufa ya sauko masa a fuska, kuma na yarda har zuciyata bai ci ko sisi ba. Ya tara manya huɗu, aka yi shawara, kuma ga abin da suka yanke: a ba Hajiya abin da ya rage a asusu, a ce mata kamfanin waje ne ya ƙi biya, a bar maganar a nan.

"A rufa asiri, Malam," in ji Alhaji. "Yaron nan surukin mutum ne. Ƙaddara ta riga fata."

Na ce, "Alhaji, ruwan da ya shiga kwantena ƙaddara ne, na yarda. Takardar da babu hatimi fa? Ita ma daga sama ta faɗo?"

Ɗaya daga cikin manyan ya ce in iya bakina. Ban iya ba. Na ce asirin mutum nawa za a rufa da zanin mace ɗaya? Na ce mun iya ƙirga zare a yadi, mun iya buɗe kwali ɗari mu duba ɗaya bayan ɗaya don kada ɗan China ya cuce mu, amma namu ya zo da kwat da sallama mun miƙa masa wuya, saboda kawai tambaya rashin kunya ce. Tun daga ranar dai baƙin Alhaji suka daina hawa benena, kuma ban yi mamaki ba.

Abin da aka tura wa Hajiya bai kai kashi ɗaya cikin goma na kayanta ba. Bayan wata huɗu sai ga ta a Guangzhou, 'yan'uwanta sun haɗa mata ɗan abin da za ta sake farawa. Ta hawo ofishina da hantsi, tana tsayawa a kowane hawa tana hutawa. Ta rame. Na kawo mata kujera da ruwa, muka gaisa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ta saba.

Sannan ta ce, "An ce mini kamfanin Turawa ne suka cinye. Na ce bari in ji daga bakinka, tunda kai ka karanta takardar."

Da na ce haka ne, da ta yarda. Har addu'a za ta yi mini. Na dubi hannayenta a kan jakarta, na ji ba zan iya ba. Na faɗa mata komai: babu kamfani, ba a taɓa yi ba, mutumin ba shi da lasisi, takardar kuma neman izini ce kawai.

Ta ce, "Yaushe ka gane?"

Na ce, "Tun ranar farko na ga babu hatimi."

"Kafin lodina?"

"Kafin lodinki, Hajiya."

"Ranar da na tambaye ka a sito, ka sani?"

Na ce na sani. Na fara yi mata bayanin yadda abin ya faru, yadda na tambaya aka yi mini dariya, yadda Alhaji ya ce baƙonsa ne, yadda na ji nauyinsa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Na gane. Ka ji kunyar Alhaji." Ta gyara mayafinta. "Ni fa, Malam? Ni ba ka ji kunyata ba?"

Na ce ta yafe mini. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, da irin muryar da ake faɗa wa wanda ya taka ka a kasuwa. Na ce wannan zuwan zan yi mata aiki kyauta, har ta gama. Ta girgiza kai. Ta ce ta ji akwai wata yarinya 'yar Zinder da ke karatu a jami'a tana yi wa mata tafinta, ko ina da lambarta.

Ina da ita. Na rubuta a 'yar takarda na miƙa mata. Ta karɓa, ta ciro wayarta, ta sa na karanto mata lambar tana dannawa da kanta. Ba ta tashi ba sai da ta kira a gabana, ta ji muryar yarinyar, ta tambaye ta sunanta da garinsu, ta tabbatar ita ce. Sannan ta miƙe ta kama ƙarfen bene ta fara sauka.